Wasiƙun Da Ba Wanda Ya Aiko

Mako na uku da fara aiki

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ƙafar da kika ce tana kumbura? Mu nan lafiya lau, sai tarin Baba da ya ƙi tafiya. Mama kullum sai ta ambace ki.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Yaya, kin san bakina. Da na ji muryarki sai in rasa ta inda zan fara, ga Mama ta kasa kunne daga kicin. Shi ya sa na ba direban maigidanki wannan takarda, don cikina ya cika, in ban amayar ba zan fashe.

Kin san kwaleji ta tura ni gidan rediyo sanin makamar aiki, mako goma sha biyu, maki shida. An ba kowannenmu littafi, kullum ka rubuta abin da ka koya, ƙarshen mako wanda kake ƙarƙashinsa ya sa hannu. In babu sa hannu babu maki, in babu maki sai ka maimaita shekara. Kina nan ranar da Baba ya yarda in karanta aikin jarida, kin ji sharaɗinsa da kunnenki: shekara ɗaya na faɗi, in dawo in zauna masa a kanti.

Ni kuwa da na ɗauka ɗakin gilashi za a sa ni, jar fitila ta kama, wani dogo mai sanyin murya ya miƙo mini makirufo. Kada ki yi dariya. Tebur aka ba ni a bayan ƙofa, kusa da injin fotokwafi mai huci kamar tanda. Duk wanda ya shigo sai ƙofar ta daki kujerata, kuma ba wanda ya taɓa cewa sannu. Aikina shayi, fotokwafi, da neman makullin banɗaki.

A ƙarƙashin Antin Masoya nake. I, ita dai, wadda muke saurara ranar Talata kina yi mini kitso, mai karanta wasiƙun masu sauraro tana ba su shawara. Yaya, muryar nan a situdiyo take ajiye ta. Da ta fito sai ka ce ana jan kwano a kan siminti. 'Yar Shiru take kirana. Shekaranjiya ta ga littafin soyayya ya leƙo daga jakata, ta zare shi, ta tsaya tsakiyar ofis tana karantawa da muryar rediyo tana dafe ƙirji. Furodusa har da buga tebur. Anti ta ce wai ashe shiru-shirun nan ba tarbiyya ba ce, soyayya ce ta riƙe mini harshe. Na shiga banɗaki na zage ta tas a zuciyata, sannan na fito na tambaye ta cokali nawa na sukari.

Jiya kuma ta kira ni, ta rufe ƙofa, ta jawo aljihun teburin da ake tara wasiƙu. Guda huɗu ne a ciki, uku na neman waƙa ne. Ta ce mutane sun daina rubutu, shirin kuwa ba zai mutu a hannunta ba. Tunda na haddace littattafan nan, in riƙa rubuta mata biyu duk mako, kamar daga masu sauraro. Amma kada ko harafi ɗaya ya shiga littafin kwaleji, in rubuta ina tace wasiƙu kawai. Zuciyata ta ce wannan ha'inci ne. Bakina ya ce to, Anti.

Zan faɗa miki abin da ya fi ba ni haushi. Ina fita na ji daɗi. Kafin in sauka daga mota na gama tsara ta farko a kaina.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan 'yan biyu.

Ƙanwarki,
Auta

Mako na takwas

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya duka, ƙafar ta saɓe. Na ga amsarki. Kin ce in yi a hankali, kuma da na ji. Baba da sauƙi, Mama na gaishe ki.

Wasiƙu goma na rubuta zuwa yau. Na zama malamin makaranta mai son ma'aikaciyar asibiti, na zama matar da mijinta ya daina cin abinci a gida, na zama direban da ya kasa manta wata fasinja. Ranar Talata wayoyin situdiyo ba sa hutawa. Mutane na faɗa da juna a kan direban nan, wanda ni na haife shi a bayan ƙofa. Shugaban gidan ya zo da kansa ya yaba wa Anti, wai ta farfaɗo da shiri. Tana murmushi, ni ina riƙe mata jaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Makon jiya malaminmu mai zagayen duba ɗalibai ya zo. Ya buɗe littafina ya ga tace wasiƙu, tace wasiƙu, har shafi bakwai. Ya ɗago ya ce ko gari nake tankaɗewa ai ya isa ya ƙare. 'Yan ajinmu wani ya karanta labarai, wata ta yi hira da likita, ni ina abin da na yi? In bai ga aiki a zuwansa na gaba ba, ba zai ba ni maki ba. Anti ta sa baki, wai ba ni da sauri amma tana ƙoƙari da ni. Yaya! Fayil ɗin wasiƙun yana kan teburin, gwiwar hannunsa a kai.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Labarai sun fara ƙare mini. Rannan a mota wasu mata biyu a bayana suna gulmar wata mai ɗinki da ke hanyarmu, mai shago da koriyar ƙofa da bishiyar lemo a cikin bokitin fenti. Wai 'yarta ta bar gida shekara biyu ke nan, bayan sun yi faɗa a kan wani saurayi, har yau ba labarinta. Ni da aka ce ba na magana, ashe kunnena ɓarawo ne. Na kwashe duka. Na rubuta wasiƙa da bakin yarinyar, tana cewa tana kewar ƙarar keken ɗinkin mahaifiyarta, tana tambayar Anti ko in ta dawo za a buɗe mata koriyar ƙofar. Har lemon na saka. A littattafai haka ake yi, ƙananan abubuwa ne ke sa mutum kuka. Ban taɓa kawo wa raina cewa matar tana da rediyo ba.

Ranar Laraba sai ga matar a gidan rediyo. Tsohuwa ce ba sosai ba, zare a jikin mayafinta, hoton 'yar a cikin leda. Ta zauna a benci tun safe tana roƙon a nuna mata takardar, ko rubutun hannun ta gani. Ni aka aika in kai mata ruwa. Ta riƙe mini hannu ta ce 'yar nan, ke da kike tace wasiƙun, ba ki ga tambarin garin da aka aiko ta ba? Na girgiza kai na gudu.

Na zaci Anti za ta tsorata. Ina! Idonta har ƙyalli yake. Ta faɗa wa matar dokar shiri ta hana nuna wasiƙa, ta je gida ta ci gaba da saurare. Ni kuma ta ce in rubuta ta biyu, yarinyar ta ce tana hanya, ta uku ta ce ta fasa, haka har ƙarshen zango, tsakani a kawo uwar situdiyo ta yi kuka. In na yi, za ta bar ni in karanta sanarwa sau biyu don malam ya ga aiki, ta cike mini littafi da yabo. In na ƙi, biro ɗinta ya bushe.

Rana zafi inuwa ƙuna. Haushinta nake ji, haushin malam, haushin kwalejin da ta sa rayuwar mutum a bakin biron wata. Littattafan nan ma na tura su ƙarƙashin gado. Duk ƙaryar da aka yi a cikinsu sai ta zama aure a shafi na ƙarshe.

Kada ki faɗa wa Mama. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Auta

Mako na goma

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan ke da mutanen gidan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, in dai ta jiki ce.

Na rubuta ta biyun, Yaya. Ba zan ɓoye miki ba. Ta fi ta farko kyau. Tana cikin jakata ranar Litinin da safe, motarmu ta biyo ta gaban shagon, sai na hango an buɗe tagar ɗakin gefe, an fito da katifa ana shanyawa. Ban san lokacin da na ce wa direba akwai sauka ba.

Na same ta tana ɗinka labule. Ta gane ni, ta tashi da sauri har almakashi ya faɗi, ta ce an samu wata wasiƙar ko? Na ce a'a. Sannan na faɗa mata duka, motar, matan biyu, teburin bayan ƙofa. Muryata ko ni da ƙyar nake ji, sai da ta sa na maimaita.

Na zaci za ta yi kuka ta rungume ni, ko ta mare ni. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko ina da uwa. Na ce ina da. Ta ce to uwar tawa ta yi asarar kuɗin makaranta. Ta ce ta kira 'ya'yanta maza biyu ta faɗa musu, ta faɗa wa duk layin, maƙwabta sun shigo yi mata barka, kuma ita ba za ta bi gida-gida tana cewa wata 'yar ficiciya ta mayar da ita mahaukaciya ba. Wanda ya zubar shi zai kwashe. Ta ɗauki mayafi ta ce in shige gaba.

Gida huɗu, Yaya, da mai kantin kan kwana. A kowace ƙofa sai ta yi sallama, ta koma gefe ta naɗe hannu, ni in yi bayani. Ni, da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. A gida na biyu wata ta ce in ɗaga murya, a rediyo ai ba raɗa kuke yi ba. A na uku aka ce mini maras kunya mai fuskar salihai. Mai kanti ya ce dama shi ya san duk ƙarya ce, matarsa ta ce ƙaryarka, kai ka fi kowa kuka a kan direban nan. Da muka gama ta ce in tafi, kada ta ƙara ganina a layin. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Ina tafiya na ji tana cewa a shigar da katifar.

Na isa aiki da azahar. Ban iya faɗa wa Anti da baki ba, sai na zauna na buɗe littafin kwaleji, na soke tace wasiƙu a kowane shafi, na rubuta gaskiyar abin da na yi, wasiƙa bayan wasiƙa da ranar da aka karanta ta. Na miƙa mata ta sa hannu. Ta karanta, ta ce ashe macijiya ta raina, ita da ta ɗauko ni daga bakin injin fotokwafi. Ta ce a wannan aikin kowa ya san kowa, ko shara ba za a ba ni a wani gidan ba. Ta jefo mini littafin. Furodusa, wanda ya san komai tun farko, ya duƙufa yana neman wani abu a aljihun tebur.

Ranar Alhamis na kai wa malam a ofishinsa. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce rubutun yana da kyau, ya ji na direban ma a motarsa. Sannan ya ce ba zai iya ba da maki a kan wasiƙun ƙarya ba, kuma ba zai iya bayarwa babu sa hannu ba. Zai kai rahoto, ba za su ƙara tura ɗalibi wajenta ba. Ni kuwa zan maimaita shekara. Na tambaye shi, da na yi shiru na kawo littafi cike da yabo fa? Ya mayar da tabaransa ya jawo wani fayil. Ranar Talatar nan Anti ta yi shirinta lafiya lau, da sababbin wasiƙu biyu. Ban san wa ya rubuta su ba, amma ba su da daɗi.

Kada ki rubuto mini cewa na yi daidai. Wanda ya yi daidai ba ya sa tsohuwa ta shanya katifa.

Baba bai sani ba. Kullum da safe ina sa kaya in fita, in zauna a ɗakin karatun kwaleji har la'asar. Jiya ya faɗa wa abokinsa a kanti, a gabana, wai ya riƙa kunna rediyo don kwanan nan zai ji muryar Autarsa. Ba zan iya ƙara mako ina wannan ƙaryar ba, na ƙoshi da ita. Ranar Asabar bayan ya karya zan faɗa masa. Don Allah ki zo, ko da ƙafar ba ta gama saɓewa ba. Ba roƙa mini shi za ki yi ba, ni zan yi maganar, in ya ce kanti kuma ni zan roƙi shekara ɗaya da bakina. Ki dai zauna kusa da ni, in muryata ta yi ƙasa ki taɓa ni.

Ki gaishe da maigidan da 'yan biyu. Ina jiranki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta