Babur Mai Muryar Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Ni, Mai Girma Babban Darakta, kamar yadda aka buga da ruwan zinare a bangon wannan littafi, na zauna yau a ofishina na hawa na tara domin yanke hukunci kan abin hawan da ya dace da darajata. Ma'aikata sun ce jirgi mai saukar ungulu. Na ce lungunmu ba zai ɗauke shi ba. An tsaya a kan babur. Darakta ya gaji da tafiyar ƙasa da jakar sifana a kafaɗa. Kafin ya isa gidan da famfo ya fashe, ruwa ya riga ya gaisa da katifa.

Matsala ɗaya: Darakta bai iya tuƙi ba. Keke kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je garejin Baba Bakanike. Ya jera mini babura na hannu guda uku, baƙi dogo, shuɗi mai tsatsa, da wani ja. Ya ce ɗan koyo abu uku yake dubawa: ƙafa biyu su taɓa ƙasa, in ya faɗi ka iya ɗaga shi kai kaɗai, kayan gyaransa kuma a same su a kowane shago. Na ɗare baƙin, babban yatsana kawai ke leƙen ƙasa. Ya ce in sauko kafin ni ma in zama kayan gyara.

Sai ya tayar da jan.

Na ce masa fitsari ya matse ni, na zaga bayan gareji. Na daɗe a can ina kallon tsofaffin tayoyi. Irin na Yaya ne. Ba kama ba, muryar ce sak.

Asabar, 8 ga Maris

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Allah ya ba ni baki. Tun a makarantar allo nake kwaikwayon tarin Malam daga bayan katanga, yara su yi ta rububin allunansu. Kyanwa, ƙofa mai ƙara, mai tallan gawayi, duk na iya. Amma gwanintata babur ɗin Yaya. Kullum gab da magariba yake dawowa, ya tsaya a ƙofar gida, ya murɗa totur sau biyu, ya kashe. Inna na jin haka sai ta miƙe da kwanon abincinsa. Ni kuwa in laɓe a bayan ƙyaure in yi da baki, ta fito da kwano, ta gan ni ina riƙe da ciki don dariya. Ta ce ɗan nema, Allah ya shirye ka. Na yi mata haka ya fi sau ɗari.

Yaya ya rasu bara. Ba babur ba ne, ciwon ciki ne, kwana huɗu a asibiti. Babur ɗin aka sayar wa wani daga nesa.

Wata biyu bayan rasuwar na dawo daga aiki raina fes, na manta da komai. A bakin ƙofa bakina ya yi da kansa. Wallahi ban sa shi ba. Har murɗawar nan sau biyu.

Inna ta fito da kwano. Ta dube ni, ta dubi bayana. Ta daɗe tana duban bayana. Sannan ta ajiye kwanon a ƙasa ta koma ɗaki.

Ba mu taɓa yin maganar ba. Tun ranar ko kyanwa ban sake kwaikwaya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baƙin zan saya. Na gama magana.

Talata, 11 ga Maris

Baba Bakanike ya ba ni baƙin in gwada a fili, abokina Dogo yana koya mini. Ya ce in saki kuloci a hankali kamar mai sauke tiren ƙwai. Na sake shi kamar mai jefar da garwashi. Na tsaya sau uku, na faɗi sau uku, domin ƙafata ta nemi ƙasa ba ta same ta ba. A ta ukun ya danne mini ƙafa, salansa ta ƙone ni a sha-raɓa. Dogo sai da ya gama dariyarsa tsaf sannan ya ɗaga mini shi. Ya ce bai taɓa ganin babur ya hau mutum ba sai yau.

Na gaya wa Inna ruwan zafi ne a wurin aiki. Ta shafa mini magani.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tambayi Baba Bakanike ko za a iya canja wa jan salansa, muryarsa ta sauya. Ya ce sai dai ya ƙara ƙara, bugun injin yana nan yadda yake. Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, bai tambaye ni dalili ba. Shi yake yi wa Yaya gyara shekara shida.

Na ce to shuɗin fa? Ya ce wannan ko maƙiyinsa ba zai sayar wa ba, birkinsa sai an roƙe shi.

Da zan tafi ya ce, "Yaro, baƙin nan zai karya ka a titi, ba a fili ba. Tsohuwarka za ta iya jure ƙara. Gado na biyu a asibiti ne ba za ta iya ba."

Na saɓa jakata na kama hanyar gida.

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗauki jan. Ƙafafuna biyu daram a ƙasa, har da saura. Haushi ya kama ni don ya yi mini daidai.

Laraba, 19 ga Maris

Ga dabarar Darakta. Da safe in turo shi daga gida har kwanar mai shayi, can nake tayarwa. Da yamma in kashe a kwanar, in turo. Taku ɗari da arba'in ne, na ƙirga. Mai shayi ya tambaye ni ko ni na sayi babur ko shi ya saye ni. Na ce tattalin mai nake yi, su talakawa ba za su gane ba.

Tuƙi yana zuwa. Yau na shiga giya ta uku ban sani ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Da la'asar ina dawowa, rana tana bayana, na ga inuwata a kan kwalta. Hular kwano, kafaɗa a ɗan karkace, gwiwar hannu a buɗe. Zamansa ne. Ban taɓa lura haka yake zama ba sai da na gan shi a gabana yana tafiya. Na rage gudu, ya rage.

Tsohuwar da ke sayar da ayaba a bakin masallaci ta ji ƙarar, ta ɗago ta kira sunan Yaya. Sai ta rufe baki da hannu. Na ɗaga mata hannu kamar ban ji ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ban fita da shi ba. Na ce taya ba iska.

Litinin, 24 ga Maris

Ina turo shi na tarar da Inna a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta tsayawa a nan. Ta dubi gumin da na haɗa, ta tambaya ko lalatacce aka sayar mini. Na fara labarin tsadar mai. Ta ce in bari. Wai daga kwanar ma tana jin sa, kullum, kuma jin an kashe shi a can ba ya ƙarasowa ya fi mata ciwo. Kamar mutum ya zo ya fasa shigowa.

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, Inna, ranar nan.

Ta ce, "Na san kai ne. Tun can ma ban taɓa ruɗewa ba. Kai kana jan numfashi a tsakiya, inji ba ya ja. Fitowa nake yi don ka samu ka yi dariyarka."

Na ce to ranar me ya fito da ke?

Ta ce, "Kunnena ya san kai ne. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Ta juya za ta shiga, ta ce gobe in shigo da abina kamar mutum, in daina jan sa kamar akuyar sata.

Talata, 25 ga Maris

Na kashe a kwanar. Hannuna ne ya yi da kansa.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau ban kashe ba. Mai shayi ya miƙe yana tafi, wai an samu mai. Taku ɗari da arba'in ashe a kan babur ba komai ba ne, kafin in shirya na iso. Na tsaya a ƙofar gida. Hannuna ya so murɗawa sau biyu. Sau ɗaya na yi, na kashe.

Na ji motsin takalminta. Ta fito a hankali da kwano, ta miƙo mini, ta ce in wanke wannan baƙin hannun tukuna. Ba ta dubi bayana ba.

Ni ne na duba. Ɗan kaɗan. Ba abin rubutawa ba ne.

Af, kafin tawada ta ƙare: babu wani Darakta, babu hawa na tara. Littafin nan a kwandon shara na tsince shi, a wani ofishi da na je gyara musu banɗaki. Ni ne, wanda unguwa ke kira Salansa, mai gyaran famfo, wanda Yaya ya koya wa boko a bayan kwalin taliya. Autan Inna. Ɗa ɗaya ya rage mata, kuma gobe ma da ƙara zai dawo gida.