Mun Je Ofis Babu Sarkin Naci

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka ga kuwa an samu lafiya. Ni ma ina shago ina fama da ɗinki, ido ne dai ya fara yi mini gardama wajen zura zare.

Na gaya maka rasuwar Sarkin Naci a waya, amma ranar murya ta ƙi, ban iya ƙara komai ba. Wallahi ina kewarsa. Kullum da hantsi sai in ɗaga kai in dubi ƙofa, don lokacin ne yake shigowa ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya ce in taso akwai aiki, sai ka ce ɗinkin da ke hannuna wasa ne. Kai ka fi kowa saninsa. Famfon unguwa, gyaran kwata, fitilun titi, duk da ƙafarsa ya samo mana su. Ba ya ɗaga murya, yau ya je gobe ya koma, har ma'aikata su gaji da ganinsa su yi abin da ya kawo shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ana shirin rufe ƙaramin asibitin unguwarmu a mayar da ma'aikaciyar jinya cikin gari. Nan ake wanke wa Inna ƙafa, nan masu ciki suke zuwa awo. Idan aka rufe, ban san yadda za mu riƙa kai ta can ba. Sai muka ce mu yi yadda Sarkin Naci ya koya mana. Muka taru, da mai shayi da bakanike da malamin makaranta da matan unguwa, muka ɗunguma ofishin lafiya. Ka san tsarinsa: jama'a su zauna a bencin baranda don a ga yawansu, shi kuma ya shiga ciki, ya fito ya gaya mana yadda aka yi. To, muna isa kowa ya nemi gurbinsa ya zauna, muka natsu muna jira. Rana ta take muna nan. Can sai masinja ya zo ya tambaye mu wa muke jira. Mai shayi ya buɗe baki zai faɗi sunan marigayin, sai ya tuna. Ashe babu wanda ya shiga! Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma wani abu, bakanike ya juya wa mutane baya yana share ido. Kafin mu farga mai ofishin ya fita taro.

A hanyar dawowa suka ce ni zan shiga ranar Litinin, wai ni ne amininsa. Na ce musu ni da ko cinikin yadi sai na yi gumi, suka ƙi saurare. Ƙanina, ban taɓa tsallake ƙofar nan ba. Kai kaɗai yake shiga da kai, kuma tun da ka tafi shi ɗaya yake shiga. Ni aikina tsare muku kekuna a gindin bishiya. Duk tsawon zamanmu ban taɓa tambayarsa me yake faɗa a ciki ba, na ɗauka kullum yana nan. Don Allah ka tuno mini. Da me yake farawa? Zama yake yi ko a tsaye yake magana? Idan aka ce a dawo gobe, me yake cewa?

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko hoto ka kawo fuskar. Matar marigayi ma ta ce a gaishe ka, ta tambaya ko za ka zo. Ka gaida mini matarka da 'ya'yana duka, musamman autarku. Ka kira ni kafin Litinin. Idan ban ji ka ba, haka zan shiga da abin da bakina ya samu.

Naka,
Yayanka