Baba Ya Ƙi Bin Cekin-Foyin

Jibiya, 4 ga Oktoba

Ɗana Uwaisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Katsina masu sabis. Mu nan tunda aka yanke mana layin waya mun koma zamanin kakanka, shi ya sa ka ga na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun. A aji huɗu malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi.

Kalilu direba ya kawo saƙonka: tsohuwar wayarka da wasan harbin da ka sa mini a ciki, sai takardar shiga soja da kake so in sa wa hannu. Na ga dabarar, ka haɗa mini alewa da allura a leda ɗaya. To ga sharaɗina: ranar da na kai ƙarshen wasan nan, ranar zan sa hannu. Na faɗi haka a gaban Innarka, ba ta yi dariya ba.

Wasan dai yana da kirkinsa. Ba ruwansa da sabis, ba ya neman abokin yi. Ya dace da tsohon direban da aka rufe wa kasuwa, mota na kwance, shi yana zagaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ƙarar bindigarsa kuwa kyaunta har ya yi yawa. Ranar farko Innarka ta saki tukunya ta kwanta ƙasa tana salati, ta zaci 'yan bindiga sun shigo gari. Yanzu na kashe sautin, yaƙin kurame nake yi.

Sai aibinsa. Mutumin da nake tuƙawa ban taɓa ganin fuskarsa ba, hannu biyu ne kawai da bindiga. Ba ya ci, ba ya salla, ba ya yi wa kowa sallama. Bindiga biyar yake yawo da su ba ɗan dako. Abokan gaba kuma wawaye ne, ƙato zai ɓuya bayan ganga ya bar rabin jikinsa a waje. Abin da ya fi ci mini rai, duk sanda aka kashe ni sai a mayar da ni farko, bakin wata gada. Na ga gadar nan ya fi sau ɗari. Kuma ba rashin wayo ba ne. Duk inda taswirar wasan ta rubuta cekin-foyin, Turancina ya kai in karanta wannan, sai in saki titi in bi ta daji. Shekara talatin ina tsakanin Jibiya da Maraɗi, ba wanda zai koya mini wannan karatun. Ko ɗaya bai taɓa tare ni ba.

Ni ne mahaifinka,
Maharazu

Katsina, 9 ga Oktoba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, ina gaida Inna da kowa na gida.

Ka gafarce ni, Baba, na yi dariya har da hawaye. Cekin-foyin na wasa ba irin na hanyar boda ba ne. Ba mai tambayarka takardun mota. Wuri ne da wasan yake riƙe inda ka kai, in aka kashe ka daga nan za ka tashi. In kana kauce masa, kai da gadar nan har abada.

Maganar takarda kuwa ba wasa a cikinta. Ranar Alhamis 21 ga wata ake rufe karɓa. Ba wayar nan ce ta sa mini son soja ba. Tare muka je Riko ta'aziyyar Kawu Zubair, ka ga gonarsa ta nuna ba mai iya zuwa girbi. Tun ranar ban sake samun natsuwa a aji ba. Ka yi alkawari a gaban Inna, ina roƙonka ka bi titi.

Ɗanka mai biyayya,
Uwaisu

Jibiya, 14 ga Oktoba

Uwaisu,

Na amsa sallamarka, Allah ya yi albarka. Gida lafiya, ban da ni.

Bari in tona kaina tun kafin a tona ni. Farkon abin kuskure ne, wallahi. Amma kwana biyu kafin wasiƙarka ta iso, babban yatsana ya zame, na faɗa cikin cekin-foyin ɗaya. Aka harbe ni, na farka a wurin. Na gane komai. Sai na koma farko na ci gaba da bin dajina. Tunda yanzu ka kama ni, na dawo titi kamar mutumin kirki, kuma tafiya tana sauri fiye da yadda nake so.

Akwai wani kwari a ciki mai doguwar ciyawa, iska na kaɗa ta, kai ka ce dajin Mazanya ne da damina. Wanda ya zana wurin ya iya aikinsa. Na tsaya ina kallo ban harbi kowa ba har batir ya mutu.

Amma na gano ƙaryar wasanka. A zuba wa mutum harsashi goma, ya raɓe a bayan bango, ya ja numfashi uku, ya fito garau. Kawunka Zubair ɗaya ne, a cinya, kuma bai kai asibiti ba. Ni na tuƙa motar. Ban taɓa faɗa maka yadda hanyar ta yi mini tsawo ba, yau ma ba zan faɗa ba.

Na wanke mota sau uku a makon nan, alhali ba inda ta je. Innarka kuma ta fara ɓoye caja. Jiya cikin buhun gero na same ta. Na ce, "Salmatu, ashe caja ma tana cin hatsi?" Ta ce, "Malam, ka rage gudu."

Mahaifinka,
Maharazu

Jibiya, 18 ga Oktoba

Uwaisu,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na gama jiya bayan la'asar. Babban abokan gabar ya faɗi, sai sunayen Turawa suka riƙa hawa sama, ba ko sannu da aiki.

Alkawari ya hau kaina, na sani. Amma takardar nan ba zan ba Kalilu ba. Jibi Laraba zan shigo motarsa da kaina, Innarka ta ce ƙafarta ƙafata. Ka nemo tabarma mai faɗi, kada ka sa wani aiki ranar. Akwai maganar da sai ina kallon idonka.

Ban sa hannu ba tukuna. Amma na sayi sabon biro, na gwada shi a tafin hannuna, yana yi.

Mahaifinka,
Maharazu