Sallama a Bakin Kogin Herbert

Townsville, 4 ga Mayu

Kakata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Kawu Cedric da aikin rake?

Kaka, na shiga matsala a makaranta. An ce kowa ya yi rubutu a kan asalinsa, ni kuma na rubuta cewa harshenmu na Warrgamay yana raye. Malama Pritchard ta ja jan layi a wurin. Ta ce littafi ya ce ya mutu, in gyara kafin ƙarshen wata ko ta rage mini maki. Kin san da makin nan ake ba ni gurbin karatu kyauta.

Wata Kirra da muke ɗaki ɗaya ta ce, "Ke bebiya, kalma ashirin gare ki, shi ne harshe? Akun gidanmu ya fi ki." Amma ban gyara rubutun ba.

Jikarki,
Narelle

19 ga Mayu

Kakata,

Ina gaishe ki ƙwarai. An ce kin ajiye sanda, to ki bi a hankali.

Jiya aka kai ajinmu kogin Herbert, kusa da inda kike kama mana kifi. Yara suka ruga za su faɗa ruwa, babu wanda ya yi wa wurin sallama. Ni da ko hannu ba na ɗagawa a aji, sai ga ni na tare hanya. Na kira magabata da harshenmu yadda kika koya mini: na faɗi ko jikar wa ce ni, na ce baƙi na kawo, a bar su su koma lafiya.

Sai Kirra ta ce, "Ashe bebiyar tana da murya." Duk da haka ba ta taɓa ruwan ba sai da na gama.

Yau na mayar wa Malama takardar yadda take. Ta ce in sake tunani. Na ce mata na yi: ba a sallama da mataccen harshe. Ta rage maki goma, ban san abin da zai faru da gurbin ba.

Kada ki ce in ba ta haƙuri, Kaka. Ki dai tanadar mini kalma ta ashirin da ɗaya, ina zuwa hutu.

Taki har kullum,
Narelle