Jikarki Za Ta Tafi Koyon Zane

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da maganar jikarki Hafsatu, wadda ba ki riska ba.

Tana ƙarama ta ce mini tana son zane. Hausarta ta 'yan Birmingham ce, ba ta ja harafin ba, sai na ɗauka na ɗaurawa take nufi. Na sa aka kawo mata atamfa daga Kano. Ta yi godiya, ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta zauna tana kwafar furannin da fensir.

Da tsuke bakin aljihun gwamnati ya rufe ajin zanen unguwarmu, na yi hamdala a zuciyata. Ita kuwa ta ci gaba a teburin kicin.

Bara ta ja ni gidan ajiye zane-zane, na taso daga asibitin da aka rage mana ma'aikata, ƙafafuna a kumbure. Ta tsayar da ni gaban aikin wani Bafaranshe. Ta ce lauya mahaifinsa ya so ya mai da shi. Ya yi shekaru malaminsa bai bar shi ya taɓa fenti ba, sai gawayi, yana zana hannaye da naɗin tufafi. Aikin farko da ya kai baje koli ma, mayar masa aka yi.

Hoton bai motsa ni ba, Inna. Haƙurin ne ya kama ni. Na tuna yadda kike sa ni warware ɗinkin hula, kina cewa, "Hannunki bai nutsu ba tukuna, Rabi."

Yanzu ta sami gurbin koyon zane a Manchester, kuma can za a sa ta zana masu rai. Na tambayi malamai biyu, kowa da amsarsa. Na yi istihara, na tashi da gajiyar da na kwanta da ita. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ke riƙe ni, ko tsoron bakin matan masallacinmu. Da kina nan, da kallo ɗaya kin rarrabe mini.

Na ce mata ta tafi. Ranar Asabar zan raka ta tashar jirgi.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya yalwata kabarinki. Ya tsare mini yarinyar nan. In kuwa akwai laifi a tafiyar, ni na ba da izini. Ya tambaye ni, Ya ƙyale ta.

'Yarki,
Rabi