Cin Ruwa Ya Raba Ni da Aminina

Abuja, Lardin Neja, Satumba 1949

Zuwa ga Malam Abdulsalami, mai filin shawara.

Malam, don Allah ka taimake ni. Ƙafa ta kayar da ni, bakina kuma ya jawo mini abin da ya fi ƙafar ciwo. Ka yi haƙuri idan zancen ya yi tsawo, na daɗe ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Ni tsohon soja ne, shekara uku ke nan da dawowata daga yaƙin ƙasar Bama. En'e ta ɗauke ni masinja, ina kai takardu ƙauyuka a ƙasa, galibi ta hanyar Izom. Ban dawo da wani abin kirki daga soja ba sai takalmina mai rufe ƙafa har idon sawu, da safa. Ba zan ɓoye maka ba, ina ji da takalmin nan, don tun daga nesa ake gane ni da shi. Da damina ta kankama haka nake tsallaka rafi da shi, ya jiƙe, ya bushe a ƙafata, gobe in sake zurawa.

Sai tsakanin yatsuna ya fara ƙaiƙayi, fatar ta yi fari tana saɓulewa, ga wari. Na san cin ruwa ne, na ce zai tafi da kansa.

Ina da amini, Mahmudu, tare muka tashi a unguwar Magajiya. Shi ne malamin ɗakin shan magani na garinmu. Wata Juma'a ina alwala a ƙofar masallaci ya hango ƙafar. Nan a gaban jama'a ya ce in zo ya duba ni, in kuma rataye takalmin nan, shi ke cinye mini ƙafa. Wasu suka yi dariya. Malam, zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa ni da na ga likitocin gaske a Bama, ba mai wanke gyambo ne zai koya mini sa takalmi ba. Ya ɗauki butarsa ya wuce. Mahmudun nan kuwa shi ya riƙa kai wa tsohuwata magani duk shekarun da nake bakin daga, shi kuma ya tsaya a kan jana'izarta ba na nan.

Daga nan na tafi wurin wanzami ya kankare wurin da aska. Na sa toka da kanwa. Wani direba ya ce kananzir ne maganinsa, na zuba. Yanzu ƙafar dama ta kumbura har ƙwauri, ta yi ja, ga kaluluwa, ga zazzaɓi kullum da yamma. Mako uku ban taka ƙofar gida ba. Magatakardan En'e ya ba wani jakata ta takardu, ya aiko cewa idan wata mai zuwa ya ƙare ban koma ba, aikin ya zama nasa.

Abin da ya fi ci mini rai, matata Asama'u ta kamu. Ita ba ta taɓa sa rufaffen takalmi ba, daga wurina ta ɗauka, tunda dutse ɗaya muke takawa a makewayi, tsumma ɗaya muke goge ƙafa. Ɓoye mini take yi, sai da na gan ta tana sosa yatsu da kara a bayan murhu. Sau biyu Mahmudu yana sallama a zaure, ina cewa ta ce barci nake yi. Na biyun da ta dawo, ta ce da ni ita dai ba za ta ƙara yi wa bawan Allahn nan ƙarya ba.

Malam, da wane ido zan dube shi in miƙa masa ƙafar da na zage shi a kanta? Ko akwai maganin da zan aika a kawo mini ta gidan waya? Ko in lallaɓa in shiga mota zuwa Minna, inda ba wanda ya san ni?

Naka,
Tsohon Soja Mai Da-na-sani

*

Ɗan'uwa Tsohon Soja, Allah ya ba ka lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kumburi da ja da zazzaɓi da kaluluwa ba cin ruwa ba ne kaɗai. Aska da kananzir sun buɗe ƙofa, wani ciwon ya shiga jiki, irin wanda kan kai mutum ga rasa ƙafa, ko abin da ya fi haka. Ba maganin da zan sa a aiko maka ba a ga ƙafar ba. Minna kuwa, idan ciwon ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, Mahmudu ne zai rubuta maka takardar ganin likita. Ka ga duk ta inda ka bi, ta ƙofarsa za ka wuce. Ranar da jaridar nan ta iso hannunka, a ranar za ka je, ko da a kan jaki ne.

Daga yau ba aska, ba toka, ba kananzir. Idan an kashe kumburin, sauran aikin naka ne. Ka riƙa wanke ƙafa da sabulu safe da yamma, ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, har bayan kowace alwala. Man da za a ba ka, kada ka daina shafawa don ƙaiƙayi ya lafa, sai malamin asibiti ya ce ya isa, don ciwon nan yakan kwanta ne ya sake tashi. Safa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Takalminka ban ce ka yar ba, amma a cire shi a bakin rafi, kada kuma a sa shi yana da danshi. A gida buɗaɗɗen takalmi irin fade ya ishe ka. Asama'u ta je a duba ta ita ma, kowa da tsummansa, dutsen makewayi a riƙa kwara masa tafasasshen ruwa. Ka roƙi takardar shaidar rashin lafiya a kai wa magatakarda, ita za ta riƙe maka aikinka, ba ɓuya a ɗaki ba.

Batun Mahmudu kuma, ban wanke shi tas ba. Ciwon mutum sirrinsa ne, da ya ja ka gefe ya fi. Amma shi kuskuren wuri ya yi, kai kuwa sana'arsa ka taka, wadda da ita ya yi jinyar mahaifiyarka. Duk da haka sau biyu yana zuwa zaurenka. Mutumin da ke jiran ya rama ba ya yin sallama sau biyu. A gaban mutane ka faɗi maganar, saboda haka kada ka nemi lungu wajen janye ta. Ka faɗa masa a barandar ɗakin shan magani, masu jiran layi suna ji, cewa ka yi kuskure. Kunyar ba za ta kai tsawon wanke ƙafa ɗaya ba.

Ka kuma nemi gafarar matarka, ciwo biyu ka ɗora mata, na ƙafa da na ƙarya, kuma na biyun ne ta kasa ɗauka.

Allah ya tashi kafaɗarka, ya mayar da kai kan hanyar Izom da ƙafafunka biyu, da amininka.

Malam Abdulsalami