Tifofinka Sun Raba Malam Da Masallaci

Zuwa ga Injiniya Mannir, mai kula da aikin tagwaita babban titin da ya ratsa ta unguwarmu, Ƙofar Kaura, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da aiki, da fama da jama'a. Ina gaida Hajiya mahaifiyarka. Na ji an ce ƙafar ta matsa mata kwanakin baya, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ni ce Malama Hadiza, wadda ta koyar da kai a aji huɗu na firamare. Na san ba ka manta ni ba, don ni ce na murɗe maka kunne ranar da na tarar ka cika bayan littafin lissafinka da zanen motoci. Da aka ce mani kai ne kamfani ya ɗora bisa wannan aiki, sai da na zaga maƙwabta gida gida ina faɗa masu ɗalibina ne. Har yau ban janye wannan alfahari ba.

Sau biyu na zo ofishinku na bakin aiki. Zuwan farko maigadi ya ce kana Kaduna, na biyu ya ce kana taro. Na bar takarda, ban ji amsa ba, kuma ina kyautata zaton ba ta iso hannunka ba. Na yi tunanin in kai ƙararka wurin Hajiya, sai na ga marar lafiya ba ta cancanci wannan ba. Da a ce lokacin soja ne, da na haɗiye maganata na yi shiru kamar kowa. To sun koma bariki, mun bi layi cikin rana mun jefa ƙuri'a, an ce mana yanzu talaka na da baki. Shi ya sa na rubuta a fili, don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ka sani muna son aikin nan. Shekara da shekaru muna fama da ramukan titin, in damina ta sauka ruwa har cikin zaurenmu. Ranar da katafila ta fara aiki, mata guɗa suka yi. Kukanmu bisa yadda ake aikin ne, kuma ga shi dalla-dalla.

Na farko, tifofi. Tun da kuka rufe babban titi, duk abin hawa ya karkato ta layinmu. Layin nan ka san shi, kura biyu ta masu ruwa da ƙyar suke giftawa. Yanzu ta nan tifofin tsakuwa ke bi, da motocin hatsi masu zuwa Babbar Kasuwa, da 'yan kabu-kabu bisa baburansu. Babu allon gargaɗi, babu mai tsayawa da jan ƙyalle. Direbobinku kuwa gudu suke kamar ana binsu. Katangar maƙwabcinmu ta ƙasa ta tsage daga sama har gindi saboda girgiza.

Na biyu, ramin magudanar ruwa. Kun haƙa shi ya fi tsayin mutum, kun kafa ƙarafa a ciki tsaye kamar tsinin mashi, sannan kuka koma wani ɓangaren kuka bar shi a buɗe, yau wata na biyu ke nan. Ramin ya raba gidajenmu da masallaci da famfon unguwa. Mutane suka gitta wani katako guda, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, shi ne gadarmu.

Ka san Malam, maigidana. Idonsa ya yi rauni tun bayan da ya bar aiki, amma hanyar masallaci ƙafarsa ta haddace ta, ko sanda ba ya riƙewa. Ranar Talatar da ta gabaci Mauludi ya fita sallar La'asar. Yana tsakiyar katakon tifa ta danno ƙaho a bayansa, ya firgita, ƙafa ta goce. Allah ya taimaka rigarsa ta sarƙe a ƙarfe, wani mai facin taya ya riƙo shi ta hannu ya jawo shi. Ya tsira da kurjewa a haƙarƙari da targaɗe. Da aka shigo da shi gida, abin da ya fara tambaya shi ne ko an tada salla.

Tun daga ranar na hana shi fita. Mutumin da tun aurenmu ban ga ya rasa jam'i ba sai in ciwo ya kwantar da shi, yanzu a tsakar gida yake shimfiɗa buzu. In ladan ya kira salla sai ya juya fuska wajen ƙofa. Bai taɓa yi mani ƙorafi ba. Da na ce zan rubuta maka, cewa ya yi, "Ki bi shi a hankali, Malama, shi ma wani ke sama da shi." Ka ji irin mutumin da ramin nan ya tsare a gida.

Na uku, kuma shi ya fi ci mani rai, Rifkatu. Maƙwabciyata ce, mutuniyar kudancin Kaduna, aikin gwamnati ya kawo mijinta Katsina tun ɗiyarsu ta fari na goye. Tela ce, ita ke ɗinka kayan sallar rabin matan layin nan, mu kuma mu ci shinkafarta ranar Kirsimeti. Mako biyu bayan faɗuwar Malam, da hantsi, ta fito za ta kasuwa sayen zare. Tifa ta shigo kwana ba ta rage gudu ba, ɗan kabu-kabu ya kauce mata, ga rami a dama, sai ya yi hagu, ya kwashe Rifkatu. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. Da ita take taka keken ɗinki.

Ina wurin aka sa ta a mota. Zan faɗi gaskiya ko da a kan wanda nake ƙara: direban tifar ya tsaya, ya sauko, shi ya kama aka ɗauke ta, kuma ya je asibiti dubiya har sau biyu. Da na yi mashi faɗa bai musa ba. Ya ce mani da yawan sawun da mutum ya yi a yini ake auna aikinsa, wanda ya gaza a sallame shi. Mannir, in haka ne, laifin ya wuce ƙafar direba, ya iso teburin da aka yanke wannan tsari.

Rifkatu tana gida yanzu da filasta har cinya. Likita ya ce za ta taka, amma bai yi alkawarin keke ba. Kayan mutane na nan jibge a ɗakinta, an yanka ba a ɗinka ba. Jiya da na shiga gaishe ta na tarar tana ƙoƙarin juya keken da hannu. Ta yi dariya ta ce, "Mama, in kin rubuta ki gaya mashi ban riƙe shi a zuciya ba, amma ya rufe ramin kafin a koma makaranta." Hutu ya kusa ƙarewa, kuma yaran firamare biyu ke tsallaka layin nan safe da rana.

Ga abin da muke roƙo, kuma ban ga wanda ya fi ƙarfin kamfanin da ke da katafila ba.

A sa gadoji masu faɗi da abin dafawa bisa ramin, ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya wajen famfo, ɗaya inda 'yan makaranta ke bi, a kuma lanƙwasa ƙarafan nan ko a rufe kawunansu. A tsayar da mutum da jan ƙyalle a bakin layi da kuma kan kwanar. A yi tudun rage gudu. A tsaida tifofi lokacin tafiya makaranta da tashi, a kuma sassauta wa direbobi wannan ƙidayar sawu. In akwai wata hanya ta bayan gari da manyan motoci za su bi, ko ta fi nisa, a maida su can. Tankar ruwa da ke yayyafi gaban ofishinku ta riƙa leƙowa layinmu, ƙurar jar ƙasa ta sa tsofaffi tari.

Sai na ƙarshe, wanda ba na kamfani ba ne, naka ne. Ka je ka gaida Rifkatu. Ba ta nemi komai ba, ni ma ban ce ka tafi da komai ba. Ka ajiye mota a bakin titi, ka tako da ƙafa, ka hau katakon nan da kanka, gidanta shi ne na huɗu a hannun hagu mai koren ƙyaure. In ka fito ka shigo namu ka sha fura. Malam zai ji daɗin ganinka, ko da inuwarka kawai zai iya gani, kuma in lokacin salla ya yi kai za ka riƙe hannunsa ka tsallakar da shi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da sharrin ƙarfe, kai da leburorinka da direbobinka. Allah ya sa a gama aikin nan lafiya ba tare da an sake zubar da jinin kowa ba, ya sa in mun hau titin mu sa maka albarka da zuciya ɗaya. Allah ya ba shugabanninmu ikon jin kukan na ƙasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Malamarka,
Hadiza, Ƙofar Kaura, Katsina.